FASHIN BAƘI: Takardar NCE, lasisin TRCN da tambayar wa ya cancanci riƙe alli a Zariya

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Tudun Wada ta nufi Kongo da Gyallesu da sassafe ya san ayarin. Samari da 'yan mata ne riƙe da littattafai, wasu a ƙasa, wasu a kan acaɓa, wasu cunkushe cikin a-daidaita-sahu, duk sun doshi ƙofar kwalejin horon malamai da ta shafe fiye da shekara 60 tana yaye masu koyarwa. Da yawansu 'ya'yan unguwar ne, wasu kuma daga garuruwa masu nisa suka zo suka kama ɗakin haya. Idan zangon gwajin koyarwa ya zo, su ne ake gani a makarantun firamare da ƙananan sakandare na Zariya da Sabon Gari, sun yi shiga ta kamala, suna tsaye gaban allo karo na farko a rayuwarsu.

Mafi yawansu na ɗauka cewa ranar da suka karɓi takardar NCE sun zama malamai. A idon doka kuwa, da sauran aiki. Akwai jarrabawar ƙwarewa, akwai rajista, akwai lasisi. Ko an mallaki duk waɗannan, tarihin Jihar Kaduna na baya-bayan nan ya nuna cewa gwamna na iya shirya tasa jarrabawar ya sallami mutum daga aiki.

Maganar ta sake tasowa ne bayan da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ƙarƙashin Minista Tunji Alausa, ta sanar a 2025 cewa daga 2027 makarantar sakandaren da malamanta ba su da shaidar Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wato TRCN, ba za ta samu izinin zama cibiyar rubuta manyan jarrabawa irin su WAEC da NECO ba. Wannan umarni ya shafi makarantun gwamnati da masu zaman kansu. Don haka abin da a da ake gani tamkar takardar ado ya zama abin da zai iya taɓa makomar ɗalibi, da aikin malami, da jarin mai makaranta.

Garin da malanta ta gina

Tarihin horon malaman boko a Arewa ya faro ne tun makarantar Nasarawa da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Kano a 1909. Amma cibiyar da ta fi barin tasiri ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921 musamman domin horar da malamai. Daga cikinta Ahmadu Bello ya fito a 1931 ya tafi koyarwa a makarantar Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Bauchi ya kama alli. Abubakar Imam ma can ya yi karatu, ya koyar a Midil ta Katsina kafin aikin talifi da jarida ya kawo shi Zariya. An mayar da kwalejin Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce yau Kwalejin Barewa.

Wannan ya nuna irin matsayin da malanta take da shi a wancan zamani. Zaƙaƙuran yaran larduna ake tsamowa a kai su koyon koyarwa, kuma daga cikinsu aka samu Firimiyan Arewa da Firaministan ƙasa. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Bauchi da Kwalejin Horon Malamai ta Maru, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, tun kafin jam'iyyun siyasa su kankama. Shehu Shagari ma malamin makaranta ne kafin ya shiga siyasa.

Dab da samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa kwamitin Ashby a 1959 domin nazarin buƙatun ƙasar a fannin ilimi mai zurfi. Rahoton da ya miƙa a 1960 ya nuna cewa makarantun sakandare za su yawaita ba tare da isassun malamai masu digiri ba, don haka ana buƙatar wani rukuni na malamai da ya ɗara na firamare horo, ko da bai kai digiri ba. Daga wannan tunani aka samu manyan kwalejojin horon malamai da takardar NCE. Ta Zariya ta buɗe a 1962, da tallafin hukumar UNESCO, a shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello. Ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar jami'ar, daga baya ta zama Kwalejin Ilimi ta Tarayya, wadda kowa a Tudun Wada ke kira FCE.

Abin lura a nan shi ne, asalin NCE an tsara ta ne domin ƙananan azuzuwan sakandare da kwalejojin horon malamai. Malamin firamare yana da tasa hanyar daban: takardar koyarwa mai daraja ta biyu, wadda tsofaffin malamai ke kira Giredi Tu. Yaro zai shiga kwalejin horon malamai bayan firamare, ya shekara 5 ana koya masa darussan da zai koyar da kuma yadda ake sarrafa ƙananan yara.

Yadda tsarin ya sauya

A 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, UPE. An yi hasashen yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka fito. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi: aka buɗe kwasa-kwasan gaggawa, aka ɗauki waɗanda ba su gama horo ba, aka tura su aji. A wannan shekarar ce aka kafa Cibiyar Horon Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna, domin ta riƙa ɗaga darajar malaman da ke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa. Har yau tana wannan aiki.

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta sa gaba cewa wata rana NCE za ta zama mafi ƙarancin takardar shiga aikin koyarwa. Da tafiya ta yi tafiya aka cimma hakan a rubuce, aka daina horon Giredi Tu, tsofaffin kwalejojin suka koma makarantun sakandare. A 1989 aka kafa Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi ta Ƙasa, NCCE, wadda ke tsara manhaja da tantance kwasa-kwasai.

Sauyin ya bar giɓi. Ɗalibin NCE yakan haɗa darussa biyu ne, misali Hausa da Nazarin Addinin Musulunci, ko Lissafi da Fiziks. Idan ya gama aka tura shi aji biyu na firamare, inda ake so ya koya wa yaro ɗan shekara 7 haɗa baƙi da ƙirga, sai ya tarar ba a taɓa horar da shi kan wannan ba. Koyar da karatu ga wanda bai taɓa karatu ba fanni ne mai zaman kansa. NCCE ta yi ƙoƙarin toshe wannan ɓaraka a manhajar 2012, inda ta karkasa horon zuwa matakai: renon ƙananan yara, firamare, ƙaramar sakandare, ilimin manya, da ilimin masu buƙata ta musamman. Sai dai gyara manhaja abu ne daban, tura kowane malami ajin da aka horar da shi dominsa kuma abu ne daban, kuma wannan na biyun yana hannun hukumomin jiha da na ƙananan hukumomi.

Matakan da ɗalibi ke bi a yau

A ɗauki misalin yarinyar da ta gama sakandare a Tudun Wada tana son zama malama. Matakin farko shi ne neman gurbi ta hannun JAMB. A nan ne matsalar farko take. A taron tsara ƙa'idojin shiga manyan makarantu na 2025, an tsayar da maki 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙaranci ga jami'o'i, 140 ga kwalejojin koyon aikin jinya, sannan 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Kowace makaranta na da damar ɗaga nata, amma saƙon da tsarin ke aikawa a fili yake: ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce ta waɗanda za su koyar da 'ya'yan jama'a. A bisa ƙa'idar 2025, wanda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na makin jarrabawa ya cancanci neman gurbi.

Ba wai duk wanda ya shiga kwaleji rago ba ne. Akwai haziƙan da talauci ko kusancin gida ya sa suka zaɓe ta, musamman mata da iyayensu ba za su bari su yi nisa ba, da matan aure da ke son ci gaba da karatu. Akwai kuma masu son koyarwa tsakani da Allah. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa ga matasa da yawa kwalejin ilimi mafaka ce bayan an rasa gurbin jami'a, kuma NCE tsani ne na shiga aji biyu na jami'a kai tsaye.

Mataki na biyu shi ne karatun shekara 3. Ɗalibi zai yi darussan fanninsa, da darussan ilimin koyarwa irin su tarihin ilimi, halayyar ɗan'adam, tsara manhaja, auna fahimta da kula da aji, sai kuma darussan gama-gari kamar Ingilishi da kwamfuta. Kafin a fita da shi waje, akan sa shi ya gwada koyarwa na 'yan mintoci a gaban 'yan ajinsa, su da malaminsu su yi masa gyara.

Mataki na uku shi ne gwajin koyarwa a makaranta ta gaske, wanda ɗalibai ke kira TP. Nan ne zuciyar horon. A ƙa'ida, ɗalibi zai zauna ƙarƙashin gogaggen malami, ya riƙa rubuta tsarin darasi ana dubawa, malaman kwaleji kuma su riƙa zuwa suna kallon yadda yake koyarwa suna ba shi maki. Inda aka samu ƙarancin malamai kuwa, ɗan TP yakan zama mai cike gurbi: a miƙa masa aji kacokan, wanda ya kamata ya duba shi ya samu hutu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Duk wanda ya leƙa manyan makarantun gwamnati na cikin Zariya ya san azuzuwa da dama sun zarce haka nesa ba kusa ba.

Akwai wasu hanyoyin ban da NCE. Mutum na iya yin digirin ilimi a Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wanda kuma ya yi digiri ko babbar difiloma a wani fanni, misali injiniya ko aikin jarida, ya samu kansa a aji, doka ba ta ɗauke shi ƙwararren malami ba sai ya yi difilomar koyarwa ta bayan digiri, wato PGDE, ko makamanciyarta. Wannan ya shafi dubban matasan da rashin aiki ya tura makarantun kuɗi.

Mene ne lasisi, kuma me ya bambanta shi da takardar makaranta?

An kafa TRCN da dokar soja mai lamba 31 ta 1993, amma ba ta fara aiki sosai ba sai wajen 2000. Tunanin da ya haife ta shi ne a mayar da koyarwa sana'a mai ƙofa, kamar aikin likita ko lauya. Wanda ya gama karatun likita ba ya taɓa majinyaci sai majalisar likitoci ta yi masa rajista. Haka ake so malami ya kasance.

Dokar ta ba hukumar ikon tantance wa ye malami, da ajiye kundin sunayen malamai, da tsayar da matakin ilimi da ƙwarewar da ake buƙata, da ladabtar da wanda ya saɓa ƙa'idar aiki ta hanyar kwamitin bincike da na ladabtarwa. Ta kuma mayar da koyarwa ba tare da rajista ba laifi, wanda hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin shekara 2 ko tarar Naira 5,000. Wannan tara kaɗai ta isa ta nuna tsufan dokar.

Hukumar ta kasa malamai gida huɗu: rukunin A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, D masu NCE. A shekarun farko, gabatar da takardar makaranta da biyan kuɗi sun wadatar. Daga 2017, a zamanin magatakarda Farfesa Josiah Ajiboye, aka shigo da jarrabawar ƙwarewa wadda ake rubutawa a kwamfuta. Wanda ya ci zai samu takardar rajista, sannan lasisin koyarwa da ake sabuntawa bayan kowace shekara 3.

Ga bambancin a taƙaice. Takardar NCE ko digiri shaida ce daga makaranta cewa mutum ya yi karatu. Rajista shaida ce daga hukumar sana'a cewa an shigar da shi kundin malamai. Lasisi kuma izini ne mai wa'adi, wanda za a iya hana sabunta shi ko a janye shi. A bisa manufa, sabuntawar na tafiya ne da shaidar cewa malami ya ci gaba da halartar horo.

Jarrabawar tana da iyaka. Tambayoyin zaɓi a kwamfuta na iya auna abin da mutum ya haddace game da dabarun koyarwa, amma ba za su nuna ko zai iya tsayar da hankalin yara 80 na minti 35 ba. Haka kuma malamar da ta shekara 20 tana koyarwa a ƙauye ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba na iya faɗuwa saboda na'urar, ba don jahilci ba.

Ba yau aka fara sa wa'adi ba. A zamanin Minista Adamu Adamu an sanar cewa daga 31 ga Disamba, 2019, duk malamin da ba shi da rajista zai bar aji. Ranar ta zo ta wuce, ba a ga wata gagarumar kora ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: TRCN hukumar tarayya ce, amma ba ita ke ɗaukar malamai aiki ba. Jihohi da ƙananan hukumomi da masu makarantun kuɗi ne ke ɗauka, kuma idan aka fitar da marasa rajista rana ɗaya, azuzuwa da yawa za su zama wayam. Abin da ya bambanta wa'adin 2027 shi ne an ɗaure shi da abin da mai makaranta ba zai iya wasa da shi ba, wato izinin jarrabawa.

Darasin 2017

Babu jihar da ta ɗanɗana wannan taƙaddama kamar Kaduna. A 2017 gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa da tambayoyin da ta ce na 'yan aji huɗu ne. Ta sa kashi 75 cikin 100 a matsayin makin ci. Malamai 21,780 ba su kai ba, gwamnati ta ce za ta sallame su ta ɗauki sababbi 25,000. An watsa wasu takardun amsa a kafafen sada zumunta, jama'a suka ga kurakuran da suka girgiza su. Shugaba Muhammadu Buhari ya fito ya goyi bayan matakin.

Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, NUT, ta yi tsaye. Hujjojinta sun haɗa da cewa makin ya yi tsauri, cewa horo ya kamata a ba malaman ba kora ba, da kuma cewa TRCN ce kaɗai doka ta ba ikon auna ƙwarewar malami. Ta garzaya Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, ta kuma shiga yajin aiki a Janairun 2018, wanda ta janye cikin ƙasa da mako biyu. Gwamnati ta tsaya kan cewa ita ce mai ɗaukar aiki, kuma mai biyan albashi na da ikon duba ko ana yi masa aikin. An aiwatar da korar.

Tsugune ba ta ƙare ba. A 2018 gwamnatin ta sake sallamar fiye da 4,000 daga cikin sababbin da ta ɗauka, bisa zargin ba su cancanta ba. A Disambar 2021 aka sake wata jarrabawar, kuma a Yunin 2022 Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha ta sanar da korar malamai 2,357: mutum 2,192 saboda ƙin zama jarrabawar, cikinsu har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Amba, sai 165 saboda rashin kataɓus.

Kowane ɓangare na da gaskiyarsa, kuma kowanne ya kauce wa wata tambaya. Idan dubban masu riƙe da takardun koyarwa sun kasa amsa tambayoyin firamare, to tuhumar ba ta tsaya kansu ba. Ta kai ga makarantun da suka ba su takardun, da hukumomin da suka tantance makarantun, da kuma waɗanda suka ɗauke su aiki. An daɗe ana kukan cewa guraben koyarwa a ƙananan hukumomi sun zama ladan siyasa da ake raba wa magoya baya. An kori malamai, amma ba a ji an hukunta waɗanda suka sa hannu a takardun ɗaukarsu da irin wannan zafi ba. A ɗaya gefen kuma, ƙungiyar da ta ce TRCN kaɗai za ta auna malami tana da nauyin bayyana abin da za a yi wa yaron da ya shekara 6 a makaranta ya fita bai iya karanta sunansa ba.

Lasisi ba ya cika tukunya

A ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, 2020, gwamnatin Buhari ta yi alƙawarin tsarin albashi na musamman ga malamai, da ƙara shekarun ritaya. A 2021 aka ƙara da alƙawarin alawus na Naira 75,000 kowane zango ga masu digirin ilimi a jami'o'in gwamnati, da Naira 50,000 ga ɗaliban NCE. Abin da ya zama doka shi ne na ritaya: dokar 2022 ta kai shi shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. NUT ta sha kokawa cewa tsarin albashin bai tabbata ba.

Albashin malamin firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita, abin da ya sa hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya shafi malamai kai tsaye. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma Naira 70,000 a 2024, amma ko a Abuja sai da malaman firamare suka shafe watanni suna yajin aiki a 2025 kan aiwatar da shi. A ƙananan makarantun kuɗi na cikin unguwanni kuwa, albashi yarjejeniya ce tsakanin mai makaranta da mai neman abin sakawa a baki. Idan aka ce wannan matashi ya biya kuɗin PGDE, da na jarrabawa, da na rajista, da na sabunta lasisi, dole a tambaya daga wane aljihu.

Akwai kuma wani abin mamaki. Daga Fabrairun 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya a wasu fannoni, irin su lissafi da kimiyya, damar neman shaidar koyarwa a can, kuma cikin abin da ake buƙata akwai wasiƙar tabbaci daga TRCN. Ke nan takardar da mai makaranta a gida bai cika tambaya ba ta zama mai daraja ga mai shirin barin ƙasa.

Kwaleji ta zama jami'a: riba ko asara?

A Mayun 2015, dab da saukarsa, Shugaba Goodluck Jonathan ya amince a ɗaga kwalejojin ilimi huɗu zuwa jami'o'i: Zariya, Kano, Adeyemi da ke Ondo, da Alvan Ikoku da ke Owerri. Cikin 'yan watanni gwamnatin Buhari ta dakatar da matakin. Bayan shekaru ana kai ruwa rana, ta Zariya ta samu matsayin Jami'ar Ilimi ta Tarayya. Sauran kwalejojin tarayya kuma, dokar 2023 ta ba su damar bayar da NCE da digiri a lokaci guda.

Ga ɗalibi wannan abin murna ne, domin a tsarin aikin gwamnati mai digiri na farawa a mataki na 8, mai NCE a mataki na 7, kuma sunan jami'a na da kwarjini. Ghana ma ta mayar da horon kwalejojinta digiri na shekara 4 a 2018, ta kuma fara jarrabawar lasisin malamai a shekarar. Jamhuriyar Nijar ta yi wa malamanta 'yan kwantiragi jarrabawar tantancewa a 2017, ita ma da irin rigimar da aka gani a Kaduna. Matsalar ta yanki ce.

Sai dai akwai fargaba mai tushe. Idan kowa ya karkata ga digiri, kuma mai digiri na hangen babbar sakandare ko ofis, wa zai rage wa aji ɗaya? An taɓa rusa Giredi Tu da sunan ɗaga daraja, aka rasa ƙwararrun koyar da ƙananan yara. Sauya allon suna a bakin ƙofa ba zai amfanar da firamaren Tudun Wada ba sai idan sashen ilimin firamare ya samu kuɗi, da malamai, da ɗaliban da suka zaɓe shi da gangan.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Wa'adin 2027 ya faɗo a shekarar babban zaɓe, lokacin da 'yan takara za su yi ta alƙawarin gina azuzuwa, domin gini ana ganinsa a hoto. Tambayoyin da suka fi muhimmanci ba su da hoto. Malamai nawa ne a makarantun Ƙaramar Hukumar Zariya ke da rajista, kuma za a wallafa adadin makaranta bayan makaranta? Ta wace hanya ake ɗaukar sababbi, kuma za a fitar da sakamakon kowa a fili? Wa zai ɗauki nauyin horon waɗanda ke bakin aiki ba su da takardar koyarwa? Jihar na biyan nata kason domin karɓar tallafin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Tarayya, wanda dokar 2004 ta ware wa kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, kuma nawa ne daga ciki ke tafiya ga horon malamai? Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan alƙaluma a rubuce daga hukumomin tarayya.

Iyaye ma na da abin yi. Mai biyan kuɗin makaranta na da haƙƙin tambayar hedimasta ko malamin ɗansa na da horon koyarwa da lasisi, kamar yadda zai tambaya kafin ya miƙa yaron ga mai allura. Ɗalibin da ke shekarar ƙarshe kuma zai fi masa alheri ya nemi rajistarsa tun yana da sauran karatun a kai, kada ya jira sai ranar da aka buɗe ɗaukar aiki.

Shugaban Majalisar Wakilai, Tajudeen Abbas, wanda ke wakiltar Zariya, shi ma da koyarwa a firamare ya fara aiki. Gyaran dokar TRCN, wadda har yanzu ke maganar tarar Naira 5,000, aikin majalisarsa ne. Ɗaukar malamai da biyansu kuma aikin gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ne. Ayarin da ke wucewa ta Tudun Wada kowace safiya zai ci gaba da karɓar takardu. Ko waɗannan takardu za su zama shaidar iya koyarwa, wannan ya rataya ne kan waɗanda ke buɗe ƙofar shiga, da masu sa hannu a takardar ɗaukar aiki, da masu biyan albashi a ƙarshen wata.